Takardar da Ta Ce Lafiyar Labaran Ƙalau

Shekara goma sha tara Labaran ya yi yana gyaran injuna a wani kamfanin matsar man gyaɗa da riɗi a Bahri, a arewacin Khartum. Usta Labaran ake ce masa, wato gwanin sana'a, daga mai gadi har mudir, manajan kamfanin. A Jazira aka haife shi, a sansanin masu tsinkar auduga kusa da Madani, ya zo birni yana saurayi bai san ko riƙon sufana ba, ya koyi aikin har ya kai shi ake kira in inji ya gagari kowa. Gidansa na Dar Salam, can ƙarshen Omdurman, ɗaki biyu na laka da rumfa, sai ya shiga mota biyu ya tsallake kogi kafin ya isa wurin aiki. Matarsa Talatu tana yin kisra, gurasar dawa mai faɗi marar kauri, tana kai wa masu sayar da abinci a kasuwar Libiya da ke nan Omdurman. 'Yarsu ɗaya ce, Ni'mat, tana aure a Madani.

Bayan ƙaramar sallah ta shekarar 2021 korona ta kama shi. Kwana goma sha biyu ya yi da zazzaɓi da tari, hancinsa ya daina jin ƙamshi, amma ba ta kai shi kwanciya a asibiti ba. Da zazzaɓin ya sauka maƙwabta suka zo barka, aka sha shayi, aka ce Allah ya rufa asiri. A mako na uku ya ɗauki jakarsa ya koma aiki.

Talatu ce ta fara lura. Mutumin da ke dawowa daga Bahri ya yi wanka ya fita majalisa, yanzu yana shigowa sai ya faɗi a kan angarib da takalminsa a ƙafa, gadon igiya yana amsa nauyinsa kamar an jefa buhu. In ta yi masa magana sai ya kalle ta ya daɗe kafin ya amsa. Wata rana ya ce ta miƙo masa abin nan, abin shan ruwa, ya tsaya yana juya hannu, kalmar moɗa ta ƙi zuwa bakinsa. Ya yi dariya, ita ma ta taya shi, amma da ta juya baya sai dariyar ta ɗauke. Wata ranar kuma ya sauka daga mota a inda ba wurin saukarsa ba, a hanyar da ya yi shekara goma sha tara yana bi, ya tsaya bakin titi cikin rana yana ƙoƙarin tuna ko tafiya aiki yake yi ko dawowa.

A kamfani abin ya fi muni. Da safe yana iya riƙewa. Bayan azahar sai ƙafafunsa su yi nauyi, harshensa ya riƙa harɗewa, ya kwance inji ya rasa wane noti ne na wane wuri. Sau biyu aka gan shi ya dafa bango yana tangaɗi. Ranar da ya bar murfin wani inji bai ɗaure ba, mai ya malale ƙasa, sai Jibirin ya zo.

Jibirin shi ne shugaban ma'aikata a lokacin. Labaran ne ya koya masa aiki shekarun baya, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi. A gaban mutum fiye da ashirin Jibirin ya matso kusa da fuskarsa, ya ce ya buɗe baki ya hura masa. Labaran bai gane abin da ake nufi ba da farko, ya buɗe bakin kamar mai nuna haƙori ga likita. Sai da ya ji wani ya ce aragi a bayansa, wasu suka yi ƙasa da kai, sannan ya fahimci ana sansana shi ne a ji ko ya sha giya. Jibirin bai ji warin komai ba, amma ya ce ai akwai masu tauna kanumfari su rufe. Mudir ya kira Labaran ofis, ya ce tunda ya ce rashin lafiya ce, ya je ya kawo takardar likita, kafin nan kada ya zo.

Labaran bai gaya wa Talatu maganar sansanar ba sai bayan kwana uku. Da ya gaya mata tana tsaka da shafa ƙullu a kan kasko, kisrar ta ƙone har hayaƙi ya cika rumfar ba ta ɗaga ta ba.

Tare suka je babban asibiti a Khartum. Suka yi layi tun safe, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna zuciya, aka ce su dawo bayan mako. Da suka dawo likitan bai ɗaga kai daga takardun ba. Ya ce jini lafiya, huhu lafiya, zuciya kamar ta ɗan shekara talatin. Labaran ya fara bayanin gajiyar da mantuwar, kalmomin suka riƙa suɓuce masa, likitan ya duba agogo, ya ce tunani ne kawai, ƙasar ma duk kowa a gajiye yake. Ya rubuta masa maganin ƙarin jini, ya rubuta wa kamfani cewa an gwada wannan mutum ba a sami wata cuta a jikinsa ba, zai iya aiki.

Talatu ta ce kada ya kai takardar. Labaran ya ce an ce ya kawo takarda, ga takarda, shi bai saba da ɓoye-ɓoye ba. Ya kai. Mudir ya karanta, ya ajiye ta a kan tebur, ya ce to, in likita ya ce lafiyarsa ƙalau, mene ne ke sa shi tangaɗi bayan azahar? A ranar aka sallame shi. Takardar da ya yi layin kwana biyu ya karɓo ita ce aka maƙala a fayil ɗinsa a matsayin hujja.

Maganar ba ta tsaya a Bahri ba. Akwai 'yan Dar Salam da ke aiki a kamfanin, kafin Juma'a ta kai unguwa. A masallaci, in liman bai zo ba Labaran ake turawa gaba, sai aka fara tura wani. Ba wanda ya ce masa komai. Wannan shi ya fi ƙona wa Talatu rai, domin da sun faɗa a fili da ta san wanda za ta amsa wa. Mata kuwa sai su shigo da sunan gaisuwa, idonsu na yawo ƙarƙashin gado da bayan randa.

Sai yayansa Ƙasimu ya zo. Ƙasimu mai sayar da gawayi ne, mutum mai ƙarfin jiki da ƙarfin murya, wanda ya yi imani cewa babu ciwon da zufa ba ta fitarwa. Ya gaisa, ya sha ruwa, sannan ya tashi ya shiga ɗakin ƙaninsa ya fara buɗe akwati. Talatu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya Ƙasimu, me kake nema?"

Ya ce yana so ya iya rantsewa a gaban mutane cewa ya duba da idonsa.

"Shekara arba'in da bakwai kana tare da shi, tun kuna tsinkar auduga. Sai ka buɗe akwatin zannuwana kafin ka iya rantsewa?"

Bai sami komai ba. Bai kuma ba da haƙuri ba. Ya fito ya zauna kusa da Labaran ya ce to, tunda ba sha ba ne, sangarta ce, mace ta kwantar da shi tana ba shi kunu kamar mai jego. Namiji ba ya warkewa a kwance. Ya ce daga gobe ya biyo shi wurin gawayi, ya ɗauki buhu, jini ya motsa. Labaran, wanda kunya ta riga ta cinye shi, ya yarda. Talatu ta roƙe shi, ya ce mata gara ya faɗi a kan aiki da a riƙa cewa yana ɓuya a bayan mace.

Kwana biyu ya yi yana sauke buhuna. Rana ta biyu ma ya dawo da fara'a, ya ce ya ji daɗin jikinsa. Washegari bai iya ɗaga kai daga matashi ba. Kwana tara ya yi a kwance, hasken rana yana sa shi ciwon kai, ƙarar rediyon maƙwabta tana sa shi rawar jiki, sallah ma a kwance yake yi, Talatu tana zaune kusa tana tuna masa raka'a ta nawa yake. Ƙasimu ya leƙo sau ɗaya ya ce ai da ya daure ya ci gaba da ya wuce wurin.

A cikin kwanakin nan ne Talatu ta yafa tobinta, babban mayafin fita, ta tsallake kogi ta je Bahri ita kaɗai. Mai gadi ya san ta, ya bar ta ta tsaya a inuwa har Jibirin ya fito. Ta tambaye shi a gaban mai gadin ko ya ji warin giya ranar da ya sa mijinta ya hura masa baki. Ya ce bai ji ba. Ta ce to ya shiga ya gaya wa mudir haka, ya gaya wa mutum ashirin ɗin da suka tsaya suna kallo. Jibirin ya ce shi ma mai iyali ne, abin ya wuce hannunsa, kuma ai ba shi ya rubuta takardar likita ba. Ta tuna masa shekarar da ya zo daga ƙauye, watanni huɗu yana cin abincin rana daga kwanon Usta. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya koma ciki. Ta dawo gida ba ta samo komai ba sai ciwon ƙafa, kuma ba ta gaya wa Labaran ta je ba.

Watanni suka wuce a haka. Ya ɗan farfaɗo, ya yi wani abu, ya sake faɗuwa. An kawo rubutu ya sha, an kawo hayaƙi, Ni'mat ta aiko da zuma daga Madani. Talatu ta ƙara yawan kisrar da take yi, har ta sami wata mai abinci kusa da wani ƙaramin asibitin unguwa a Omdurman da take kai wa. A nan ne wata rana ta ga wata mata cikin farar riga ta zo sayen abinci, ta tsaya tana nuna tukunya da yatsa, ta rasa sunan miyar da take so. Mai abincin ta yi dariya ta ce Daktora Khadiga ke nan, tun da ta yi korona take haka. Talatu ta ajiye tirenta ta bi matar har ƙofar asibitin.

Daktora Khadiga ta ba Labaran kusan awa guda. Ba ta katse shi ba ko da ya tsaya neman kalma. Ta tambaye shi ko gajiyar tana zuwa ne lokacin aikin ko kuwa washegari, da ya ce washegari sai ta gyaɗa kai. Ta ce ita kanta wata takwas ta yi ba ta iya hawa matakalar asibiti ba sai ta huta, kuma abokan aikinta, likitoci, sun ce mata ragwanci ne. Ta ce abin yana samun wasu mutane bayan irin wannan zazzaɓi, gwajin jini ba ya nuna shi, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba, ba ta da ƙwayar da za ta ba shi ya tashi. Wasu suna warwarewa cikin watanni, wasu fiye da shekara, wasu ba sa komawa daidai yadda suke.

"Abin da zan ce maka, ya Usta, shi ne ka daina aiki tun kafin ka gaji. Ranar da ka ji ƙarfi ita ce ranar da za ka fi kiyayewa."

Labaran ya tambaye ta, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko hankalinsa ne ke tafiya. Ta ce a'a. Sai ya rufe fuskarsa da hannun jallabiyarsa ya daɗe bai buɗe ba. Talatu ba ta yi kuka ba. Tana zaune tana tunanin likitan Khartum da agogonsa, tana lissafin cewa abin da matar nan ta yi bai wuce tambaya uku da saurare ba.

Daga ranar gidan ya koma bin doka, kuma Talatu ce mai tsaron dokar. Da safe zai zauna a rumfa ya taɓa wani abu na ɗan lokaci, tsohuwar fanka ko injin niƙan maƙwabciya, in ta ga inuwar bango ta kai bakin randa sai ta zo ta karɓe sufanar daga hannunsa ko da noti ɗaya ya rage. Ya kwanta, ya rufe ido. Ta saya masa ƙaramin littafi yana rubuta duk abin da ya kwance da inda ya cire shi. Masu zuwa gaisuwa mutum ɗaya-ɗaya take bari su shiga, in surutu ya yi yawa ta ce musu Usta zai huta. Aka ce ta zama mudir a gidan mijinta. Ta ce ta ji.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Akwai makon da ya yi tafiya har masallaci sau biyar a rana ya ji kamar ya warke, ya saci jiki ya je kasuwa sayen wani ƙarfe, ya biya da kwana shida a gado. Akwai ranar da ya jefar da littafin ya ce shi da ya riƙe injunan kamfani guda a kansa yanzu sai ya rubuta yadda ake haɗa fanka. Talatu ta ɗauko littafin ta kakkaɓe ta ajiye masa a gefen matashi. Ƙamshi ne ya fara dawowa, wata safiya ya ce yana jin tana soya buna, 'ya'yan gahawa. Daga baya sunaye suka daina ɓace masa sai in ya gaji. Kwata ɗin awa na aiki ya zama rabin awa, ya zama awa biyu.

Daktora Khadiga ta rubuta takarda mai shafi biyu ta buga hatimi. Labaran ya kai Bahri da kansa, fiye da shekara bayan korarsa. Mudir ya karanta, ya ce abin tausayi ne, amma an riga an cike gurbinsa, kuma takardar farko ma ta likita ce, shi ba zai raba gardamar likitoci ba. Labaran ya ce ba aikin ya zo nema ba, so yake a cire maganar sha daga fayil ɗinsa. Mudir ya ce ai ba a rubuta sha ba, an rubuta rashin iya aiki ne kawai. Babu abin da za a cire.

A ƙarshe wani mai warsha a Omdurman, inda ake gyaran injunan ban ruwa, ya ɗauke shi, safiya uku a mako, daga bakwai zuwa sha ɗaya. Hannunsa bai manta komai ba. Saurinsa ne bai dawo ba, kuma har yanzu in mutum biyu suka yi masa magana a lokaci guda sai ya rasa ta wa zai kama.

A ƙarshen shekarar 2022 aka yi suna a gidan Ƙasimu, ya sami jika. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a titi, ana jiran abinci, mata suna ciki, Talatu tana bakin ƙofa tana jera faranti. Wani dattijo ya ga Labaran ya yi masa barka da samun sauƙi. Sai Ƙasimu ya karɓe maganar. Ya ce ai shi ne ya tashe shi, da an bar shi a hannun mata da har yau yana kwance, amma shi ya ja shi wurin gawayi ya sa shi ɗaukar buhu, tun daga nan jiki ya fara dawowa. Mutane suka gyaɗa kai. Talatu ta ajiye farantin da ke hannunta, ta riga ta ɗaga ƙafa za ta fita cikin maza, sai ta ji muryar mijinta.

"Yaya, ba haka aka yi ba."

A hankali ya yi maganar, yana tsayawa tsakanin jimloli, kuma ba wanda ya katse shi. Ya ce buhunan gawayin kwana tara suka kwantar da shi. Ya ce bai taɓa shan aragi ba a rayuwarsa, kuma akwai mutane a zaune a wurin nan da suka ji an faɗa, suka san shi tun yana yaro, ba wanda ya taka ƙafa ya zo ya tambaye shi. Ya ce ciwo ne mai suna a wurin likitoci, wata likita ce ta gane shi, matarsa ce ta yi jinyarsa. Ya ce ba ya neman kowa ya ba shi haƙuri, amma ba zai zauna a canja labarin a gabansa ba.

Ƙasimu ya ce ranar farin ciki ce, ba ranar tone-tone ba. Dattijon da ya fara maganar ya ce a yafi juna, wasu suka amsa da sauri don a wuce wurin. Mutum ɗaya kawai, wani tela, ya matso ya kama hannun Labaran ya ce shi yana cikin waɗanda suka ji suka yi shiru.

Aka kawo abinci. Labaran ya ci loma kaɗan, ya wanke hannu, ya yi wa mai gida addu'a ga jaririn, ya tashi. Maganar ta cinye masa ƙarfin ranar gaba ɗaya, ya sani kuma gobe ba zai iya zuwa warsha ba. Talatu ta bar farantan ga sauran mata ta biyo shi. A hanya ya ce mata ta aika wa mai warsha cewa sai jibi. Ta ce za ta je da kanta, kasuwa ma za ta bi. Suka tafi a gefen inuwa, yana tsayawa yana hutawa a kowace kwana, tana jiransa.